Kundin horas da sabbin ma'aikatan agaji: daga aji zuwa fili

Litinin, 5 ga Mayu

An gama tantance waɗanda za a horas. Mutum 32 ne, mata 18, maza 14. Za su yi aiki a wurare uku da 'yan gudun hijira suka sauka a gefen gari: wata makarantar firamare, wasu gidaje da ba a ƙarasa ginawa ba, da unguwar da mutane suka raɓe a gidajen dangi. A Arewa maso Yamma abin ba kamar na Borno ba ne, inda aka saba da sansani mai shinge da rajista. Nan mutum zai tsero daga ƙauyensu cikin dare, gari ya waye yana zauren wani. Saboda haka ma'aikacin da ake buƙata shi ne mai iya bi gida-gida, shi ya sa mata suka fi yawa, tunda namiji ba ya wuce zaure. Bakwai daga cikinsu suna jin Fulfulde, da gangan aka nemo su.

Tsarin kwana 22 ne, a warwatse cikin mako bakwai: tamowa, ruwa da tsafta, kwalara, ƙa'idojin aiki da kare mutuncin jama'a, tattara bayanai, sai mako ɗaya a fili. Dole a gama kafin Yuli, lokacin da rumbu ke yin ƙasa, sauro da gudawa su taso tare.

Kasafi: kuɗin mota ₦3,000 da abincin rana ₦2,000 ga kowane mutum a kullum, jimla ₦3,520,000. Ɗakin taro kyauta aka ba mu, man janareto ne namu.

Alhamis, 8 ga Mayu

Kayan aiki sun iso: tef ɗin awon damtse kwali biyu, sikeli mai rataya guda huɗu da wandunan da ake saka yaro, bokiti mai lita 20 guda 12 a kan ₦42,000, sirinji, garin kulorin, ma'aunin kulorin guda biyar da ƙwayoyinsa. Allon awon tsayi bai zo ba. An fassara katunan aiki zuwa Hausa, an kai a sa musu leda. Littattafan da ake koyarwa da su kusan duk da Turanci ko Faransanci suke, kuma ba za a miƙa wa mai shaidar sakandare shafi ɗari huɗu a ce ya je ya karanta ba.

Litinin, 12 ga Mayu

Ranar farko. An yi jarrabawar gwaji mai tambaya 25 don a san inda kowa yake. Yawancinsu sun san tamowa da ido, amma uku kacal suka san adadin da ake kira ja a jikin tef, wato alamar tamowa mai tsanani.

Da rana aka shiga ƙa'idoji huɗu na aikin jin ƙai: tausayin ɗan Adam, rashin nuna bambanci, rashin ɗaukar ɓangare, da cin gashin kai. Ukun farko suna cikin ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 46/182 na Disambar 1991, na huɗun daga baya aka ƙara shi. Haddace su ba wuya. Wuyar ta fito ne da aka kawo misali: mai unguwa ya miƙo jerin sunaye, babu ko gida ɗaya na makiyayan da suka sauka bayan makaranta, alhali su ma korarsu aka yi. Ajin ya rabu biyu, murya ta ɗaga. Akwai waɗanda aka ƙone musu gari a cikin ɗaliban nan, ba a iya ce musu su manta. Abin da aka tsayar shi ne, tef ba ya tambayar yare, kuma duk yaron da damtsensa ya faɗa ja sunansa zai shiga rajista. Wanda ya ga ba zai iya ba ya faɗa tun yanzu. Ba wanda ya fita, amma maganar ba ta mutu ba, za a sake ɗaukar ta.

Talata, 13 ga Mayu

Mene ne tamowa, me ke kawo ta, bambancin mai ramar da yaro da mai kumbura shi. Shayarwa zalla har wata shida. Rana lafiya lau.

Laraba, 14 ga Mayu

Awon damtse. Na yara ne daga wata 6 zuwa wata 59. Hannun hagu. A lanƙwasa gwiwar hannu, a nemo tsinin kafaɗa da tsinin gwiwa, a auna tsakaninsu, a sa alama a tsakiya da biro. Sannan a saki hannun ya miƙe ya yi laushi, a zagaya tef a kan alamar, ya kwanta a fata ba tare da ya matse ta ba, a karanta ta tagar tef ɗin har milimita. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya, matsakaiciya. Daga 12.5 zuwa sama kore.

An fara gwadawa a jikin bututun roba da ɓawon rake, sannan a hannun juna.

Matsalar shekaru ta taso. Takardar haihuwa ba ta cikin abin da mai gudu ke ɗauka, da ma can ba kowa ke da ita ba. An zauna an haɗa kalandar abubuwan da kowa ya sani na shekara biyar baya: azumi, Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah, shuka, girbin gero, sanyin hunturu, zaɓen 2023 da wahalar canjin kuɗi da ta zo tare da shi. «Da aka yi canjin kuɗi kina da cikinsa ko kina goyonsa?» ta fi «shekararsa nawa?» amfani nesa ba kusa ba. Idan abin ya gagara, sanda mai santimita 110: yaron da ya wuce ta ana ɗaukar ya haura shekara biyar.

Alhamis, 15 da Juma'a, 16 ga Mayu

Duba kumburi: a danna babban yatsa a bayan ƙafafu biyu a lokaci guda, a ƙirga daƙiƙa uku, a ɗaga. Idan rami ya zauna a ƙafafun biyu, tamowa ce mai tsanani ko da tef ya nuna kore. Ƙafa ɗaya kawai ba ita ba ce, a nemi wani dalili. Kumburin da ya tsaya a ƙafa mataki na ɗaya, wanda ya hau ƙwauri da hannu na biyu, wanda ya kai fuska na uku, shi kuwa kai tsaye asibiti. Mutane da yawa suna ganin yaron da ya kumbura su ce ya yi ƙiba, wasu su ce iska ce.

Sikeli: a rataya wandon babu yaro a mayar da allura kan sifili, a karanta ido na daidai da allura. Kowace safiya a gwada shi da jarkar ruwa da aka san nauyinta.

Asabar, 17 ga Mayu

Jarrabawar daidaita awo, kuma ba ta yi kyau ba.

An gayyato yara 30 masu lafiya da iyayensu mata, aka raba su rukuni uku, goma-goma. Kowane ɗalibi ya auna yara goma, aka karɓe takardarsa, aka huta, ya sake auna su a sabuwar takarda. Ma'aikaciyar jinya mai kula da su ita ma ta auna. Sharaɗin da muka sa: awonka na farko da na biyu kada su saɓa da fiye da milimita 2, naka da na mai kula kada su saɓa da fiye da 3. Mutum 13 ne suka haye cikin 32.

Da aka zauna da takardun aka ga kuskuren kala-kala ne. Maza galibi suna jan tef da ƙarfi har fata ta tattare, sai adadin ya ragu, yaro mai rawaya ya koma ja. Wasu mata kuma tausayi ke sa su sassauta idan yaro ya fara kuka, adadin ya ƙaru, kuma wannan ya fi haɗari, don yaron da ya kamata a kama shi ne zai koma gida. Mutum shida ba sa neman tsakiya, inda hannunsu ya faɗa nan suke zagayawa. Biyu sun bar hannun a lanƙwashe, tsoka ta taso. Akwai kuma son cikon lamba: takardar wani ɗalibi duk awonsa ashirin da sifili ko biyar suka ƙare, 130, 135, 140. Hannun yara ba ya tafiya haka, ido ne ke gudun ƙirga ƙananan layuka.

Sai wani abu da ba laifin ɗalibai ba. Wata ɗaliba ta rubuta milimita 112, wato santimita 11.2, ta ce rawaya a gwajin bututu, aka duba tef ɗinta, gaskiya ta faɗa. A kwali na biyu akwai tsofaffin tef waɗanda jansu ya tsaya a santimita 11. Haka ƙa'idar take da, sai a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ɗaga ta zuwa 11.5. Wani sito ne ya kwashe tsohon kayansa ya haɗo mana. An zazzage kwalayen biyu an duba ɗaya bayan ɗaya, an ware 41, an yanke su da almakashi don kada wani ya tsinta ya yi aiki da su. Da sun fita fili, duk yaron da ke tsakanin 110 da 114 za a ce wa uwarsa ba mai tsanani ba ne.

Kuskuren tsari kuma namu ne: yaro ɗaya an auna shi sau fiye da ashirin, kafin azahar rabinsu sun gaji suna fisge-fisge. An ƙara kwana biyu da ba sa cikin kasafi.

Litinin, 19 da Talata, 20 ga Mayu

Litinin gaba ɗaya maimaici, kowa da mai kula a kansa. Dabarar da ta yi aiki: bayan an zagaya tef, a gwada zura bakin biro a ƙarƙashi. Idan ya shige ya yi sako-sako, idan fata ta tattare ya matse. Talata aka sake jarrabawa da sassafe, da sababbin yara, da biskit da balan-balan, rukuni huɗu maimakon uku. Mutum 27 suka haye. Biyar ɗin da suka rage za su riƙa rajista da tsara layi har sai hannunsu ya zauna.

Alhamis, 22 ga Mayu

Abincin tamowa na leda. Kowace leda giram 92 ce, kalori 500, gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, ba a dafawa, ba a damawa da ruwa. A yunwar Nijar ta 2005 ne aka ga amfaninsa a fili, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa dubban yara magani a yankin Maraɗi, yawancinsu suna gida ba a kwance a asibiti ba.

Kafin a ba uwa na mako, sai an yi gwajin ci: ta wanke hannu, ta zauna a inuwa gefe guda, ta ba yaron a hankali da ruwan sha a kusa, ba ɗura. Yaron da ya ci ya haye. Wanda ya ƙi ci, ko yake da kumburi mataki na uku, ko wata alamar haɗari, na kwanciya ne, can za a fara masa da F-75, madarar asibiti ta masu tamowa mai tsanani. Jariri ɗan ƙasa da wata shida ba a ba shi wannan abinci.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ta ce kalori 150 zuwa 185 ga kowane kilo a rana. Yaro mai kilo 7 ke nan yana buƙatar 1,050 zuwa 1,295, wato leda biyu zuwa biyu da rabi. An yi lissafin ne don su gane daga inda adadin ya fito, amma a wurin aiki jadawalin da hukumar lafiya ta ba cibiyar kula da tamowa za su bi, ba lissafin ka ba. Maganin amozisilin jami'in lafiya ne ke rubutawa, ba su ba. Sallama sai damtse ya kai 12.5 kuma babu kumburi a zuwa biyu a jere.

Abin da ke kashe shirin a ko'ina shi ne rabawa. Uwa mai yara biyar da suka kwana da yunwa, a ce mata ɗaya kaɗai za ta ba? Faɗa ba ya maganin wannan. An koya musu su ce magani ne, su nemi a dawo da ledojin da aka shanye, kuma idan nauyi bai motsa ba mako biyu zuwa uku su bi ta gida su ga abin da ake ciki, a haɗa gidan da masu rabon abinci.

Ɗalibi ɗaya ya samu wani aiki ya tafi. Saura 31.

Litinin, 26 ga Mayu

Kulorin. Garin da ake kira HTH yana da ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Giram 15, cokalin cin abinci ɗaya a shafe, a lita ɗaya ta ruwa yana ba da haɗin kashi 1, shi ne uwar haɗi da ake ɗiga wa ruwan sha. A roba ake haɗawa, ba a ƙarfe ba, da safar hannu, a waje.

Gwajin bokiti: a cika bokiti huɗu da lita 20 na ruwan da za a yi wa magani, a zuba mililita 1, 1.5, 2 da 2.5 na uwar haɗi da sirinji, a motsa, a rufe, a jira minti 30, a auna kulorin da ya saura da ƙwayar DPD1, wadda ke sa ruwan ya yi ja idan da kulorin a ciki. Ana neman miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita a lokacin lafiya, 0.5 zuwa 1 idan kwalara ta ɓulla.

Rukuni uku suka yi, bokiti goma sha biyu, ko ɗaya bai nuna launi ba. Fari fat. Aka ce ƙwayoyin ne suka lalace, aka gwada su da ruwan da aka ɗiga wa bilic na shago, nan take suka yi ja, ashe lafiyarsu ƙalau. Aka koma kan garin. Robar da aka ɗebo shi murfinta a fashe yake, ta yi watanni a ɗaki mai rufin kwano, ya dunƙule, warinsa ma ya ragu. Zafi da danshi suna cinye ƙarfinsa. Na biyu, an yi ruwan sama daren Lahadi, ruwan rijiyar ya zo da laka. Kulorin yana ƙarewa ne wurin faɗa da dattin kafin ya kai ga ƙwayoyin cuta, shi ya sa ƙa'ida ta ce gurɓacewar ruwa kada ta wuce 5 a bututun awo. Namu ya wuce sosai, ana zubawa kaɗan alamar ƙasan bututun ta ɓace.

Ranar ta tafi, sai dai ɗaliban sun ga da idonsu cewa zuba magani ba shi ne shaidar ruwa ya gyaru ba.

Laraba, 28 ga Mayu

Ƙarin rana ta uku. Sabuwar roba a rufe. Ruwan rijiya an sa masa alam ya kwana, an tsiyaye na sama. Bokitin mililita 2 ya ba da 0.5. Daga nan lissafi: tanki mai lita 5,000 bokiti 250 ne, yana son mililita 500. Jarkar 'yan ga-ruwa lita 25 take ci ba 20 ba, tana son 2.5, kuma rabin ajin sun faɗa wannan rami. Ƙwayoyin kulorin da ake jefawa a ruwan sha, Aquatabs, girma-girma ne, a karanta jikin takardar kafin a ce wa uwa ɗaya a jarka. Duk ranar da aka yi ruwan sama ko aka canja rijiya, a sake gwajin bokiti.

Juma'a, 30 ga Mayu

Ma'aunan Sphere, littafin da ƙungiyoyin agaji suka fara haɗawa a 1997 bayan abin da ya faru da 'yan gudun hijirar Ruwanda a garin Goma na ƙasar Kwango a 1994, inda kwalara ta kashe dubban mutane cikin 'yan makonni. Lita 15 ga mutum a rana, wurin ɗiban ruwa kada ya wuce mita 500, layi kada ya kai minti 30, mutum 250 ga kan famfo ɗaya, 500 ga famfon tuƙa-tuƙa. Masai ɗaya ga mutum 50 a farkon rikici, a dawo 20 daga baya. Nisansa da rijiya aƙalla mita 30, ƙasan ramin ya ɗara ruwan ƙasa da mita ɗaya da rabi.

Aikin aji: wuri mai mutum 1,200. Amsa lita 18,000 a rana, famfo 5, masai 24 yanzu, 60 nan gaba. Aka tashi da wuri saboda masallaci.

Litinin, 2 da Talata, 3 ga Yuni

Kwalara. Idan ta riga ta ɓulla, duk mai gudawa kamar ruwa sau uku ko fiye a kwana ɗaya ana ɗaukarsa mai ita ne, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ranar. Ledar gishiri da sukari ɗaya a lita ɗaya, abin da ya kwana ya wuni a zubar. An sa kowa ya nemo abin da ke cin lita a gidajen mutane, don «kofi biyu» ba awo ba ne. Ledar fiya wata biyu ta fi sauƙin ganewa.

Mai matsakaicin bushewar jiki mililita 75 ga kowane kilo cikin awa huɗu, yaro mai kilo 10 ke nan 750, da cokali, kaɗan-kaɗan. Idan ya yi amai a jira minti goma a ci gaba. Wanda ya galabaita, ba ya iya sha, fatar ciki in an ja ta fi daƙiƙa biyu ba ta koma ba, na ƙarin ruwa ne, a ɗauke shi. Yaro mai tamowa mai tsanani kuwa fatarsa da idonsa suna ruɗi, kada ɗan sa kai ya yanke hukunci, a tura shi. Zinki miligiram 20 kullum kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga ɗan ƙasa da wata shida.

Haɗin kulorin uku, kowanne da launin bokitinsa: kashi 2, giram 30 a lita, na amai da bayan gida da gawa, kashi 0.2, giram 3 a lita, na ƙasa da gado da tufafi, kashi 0.05, giram 15 a lita 20, na wanke hannu. An daɗe a kan wankan gawa. Za a zauna da limamai kafin buƙatar ta zo, ba ranar da ake kuka ba.

Hutun Babbar Sallah har 10 ga wata.

Laraba, 11 da Alhamis, 12 ga Yuni

Mutum 30 suka dawo. Ɗaya maigidanta ya ce ya isa haka. An tura dattijuwa ta yi magana, bai sauya ba. Nan gaba a zauna da mazaje da iyaye tun ranar tantancewa.

Kare jama'a daga ma'aikatan kansu. Dokar ta samo asali ne daga abin kunyar da aka bankaɗo a sansanonin Gini, Laberiya da Saliyo a 2002, wanda ya sa Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da sanarwa a 2003. Babu musayar kati, abinci, kuɗi ko aiki da jikin mace. Babu wata alaƙa da wanda bai kai shekara 18 ba, kuma «ban san shekarunta ba» ba hujja ba ce. Wanda ya ga abokin aiki yana yi ya yi shiru shi ma ya karya doka. An raba maza da mata, don a haɗe ba mai buɗe baki. A ɗakin maza tambayar ita ce, in da niyyar aure fa? Amsa: muddin sunanta na cikin rajistar da ke hannunka, ba ta da bakin ce maka a'a. Haka karɓar «na goro» don a sa suna.

Akwatin ƙorafi ba ya yi wa wadda ba ta rubutu amfani. An ƙara lambar waya da mace ɗaya amintacciya a kowane wuri.

Idan mace ta kawo maganar fyaɗe: a saurara, a yarda da ita, ba bincike, ba kiran dangi ko hukuma sai da yardarta, ba a bi gida-gida ana neman waɗanda abin ya shafa. A sanar da ita cewa maganin kariya daga ƙanjamau sai cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki cikin awa 120. Kowa ya haddace waɗannan biyun.

Juma'a, 13 ga Yuni

Tsaro da taimakon farko ga wanda hankalinsa ya tashi: duba, saurara, haɗa shi da mai taimako. Ba fita kafin bakwai, kowa ya dawo kafin la'asar, a kira ofis da isa da tashi, ba a sanar da ranar rabo a bainar jama'a tun da wuri. A shingen hanya mutum ɗaya ke magana.

Litinin, 16 da Talata, 17 ga Yuni

Cika fom a waya da manhajar KoboToolbox, yana aiki ba intanet, a tura in an samu sabis. Wayoyi tara ba su ɗauka ba, za a yi aiki biyu-biyu. An gyara fom ɗin ya ƙi karɓar awon damtse da santimita, don wasu na rubuta 11.5 wasu 115. Hoton yaro ko sunan uwa ba ya shiga WhatsApp. Man janareto zuwa yau ₦96,000.

Alhamis, 19 ga Yuni

Atisaye. Mata 40 daga unguwa suka zo a matsayin iyaye, kowacce da 'yar tsana da katin da ke faɗin halin yaron. A cikinsu an ɓoye uku masu alamar haɗari: mai jijjiga, mai aman duk abin da ya ci, da wanda ya yi laushi ba ya farkawa sosai.

Teburin rajista ya yi kyau, awo ya yi kyau, lissafin leda ba kuskure. Amma mai ɗauke da yaron da ya yi laushi ta zauna a layi minti 50 ba wanda ya ɗaga mayafinta, saboda ta yi shiru, masu hayaniya suka ja hankalin kowa. A gaske irin wannan yaron a layi yake mutuwa. Laifin tsarin koyarwarmu ne, mun koya musu tebur-tebur, ba mu ba kowa aikin zagaya layi ba. Yanzu an ware mutum ɗaya da ba ya zama: kowane minti goma ya bi layi, ya buɗe goyo, ya kalli fuska, ya ƙirga numfashi. Sau 50 ko fiye a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, sau 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, numfashi ya yi sauri. Yana riƙe da ruwan sukari, giram 10 a mililita 100, a ba yaro mai iya haɗiya mililita 50 kafin a ɗauke shi.

Na biyu: takardar turawa asibiti an cika ta, amma ba wanda ya san wa zai biya mai babur. An ware ₦60,000 a hannun shugabar tawaga, da sunayen masu babur uku da aka yi magana da su. Aka maimaita da yamma, an gano ukun cikin minti 12.

Litinin, 23 zuwa Juma'a, 27 ga Yuni

Fili, tawaga shida ta mutum biyar, kowacce da mai kula. Mai kula yana sake auna yaro ɗaya cikin biyar ba tare da ya ga adadin ɗalibi ba. Hannu yana lalacewa bayan azahar, in gajiya ta zo, don haka an mayar da awo safiya, ziyarar gida bayan azahar. Laraba ruwa ya hana tawaga biyu fita.

Tawagar da ta je wurin makiyaya ranar farko ta dawo da yara kaɗan. Ba ƙin zuwa 'yan tawagar suka yi ba, sun tsaya ne a bakin makaranta suna jiran a kawo musu yaran. Washegari aka sa masu Fulfulde biyu a gaba, aka fara gaida arɗo, aka shiga bukka-bukka. Ɗalibin da ya fi kowa ɗaga murya ranar 12 ga Mayu yana cikin tawagar, awonsa ya dace da na mai kula a duk yaran da aka sake dubawa.

Talata, 1 ga Yuli

Lissafi: mota da abinci ₦3,865,000. Ƙarin kwana ukun ya ci ₦475,000, fitar mutum biyu ta rage ₦130,000. Sauran kaya, bugu, mai da kuɗin babur suna takarda daban.

Takardar shaida iri biyu aka yi. Mutum 26 sun samu cikakkiya, su ne suka haye awo da gwajin bokiti da atisaye. Huɗu sun samu ta halarta, za a sake gwada su ƙarshen wata. An yi gunaguni, an bar shi a haka.

Abin da ke gaba: sake jarrabawar daidaita awo duk wata uku, koya wa iyaye mata awon damtse da kansu, kamar yadda aka gwada a Mirya ta jihar Damagaram aka ga suna iyawa, za a fara da gida 100 a makarantar, zama da limamai kan wankan gawa ranar Asabar, bin alƙaluman cibiya wata-wata a kan ma'aunin Sphere, warkewa sama da kashi 75, mutuwa ƙasa da 10, masu daina zuwa ƙasa da 15. Allon awon tsayi har yau bai iso ba. Garin kulorin an mayar da shi ɗakin ƙasa mai sanyi, an rubuta ranar buɗewa a jikin robar, mabuɗin yana hannun mutum ɗaya.